Alƙalin Adabi a Cikin Duro

Duk unguwar an yarda babu wanda ya kai Mai Sikeli iya gyaran ma'auni. Matsalar ita ce shi ma ya yarda, kuma ba ya barin kowa ya manta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da sikelin mahauta da na 'yan hatsi masu jiran gyara, amma bakinsa ya fi shagon faɗi. In ka gaishe shi da safe, kafin ya amsa sai ya kalle ka sama da ƙasa ya gaya maka ka rame ko ka ƙara ƙiba, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Ruwan sama ne ya jefa shi cikin adabi. Wata rana yana dawowa daga gyara, ruwa ya tsuge, ya fake a ɗakin karatu na unguwa, ya tarar da ƙungiyar marubuta suna zamansu. Malamin makaranta yana gaban allo yana bayani: kamance shi ne a ce abu kaza kamar abu kaza yake, kambamawa a zuzuta abu har ya wuce yadda yake, mutuntarwa kuwa a ba dutse ko itace halin ɗan Adam. Mai Sikeli ya saurara yana ɗigar ruwa, can ya ɗaga hannu.

"Malam, in mawaƙi ya ce abu kaza kamar abu kaza yake, wa ya auna?"

"Ba a aunawa ai. A zuci ake ji."

"A zuci! Haka mahaucin da sikelinsa ya lalace yake cewa, wai a hannu yake ji. Ashe shekara da shekaru kuna cin kasuwa ba ma'auni!"

Daga ranar bai sake fashin zama ba, kuma ba wanda ya sake samun damar magana. Ana cikin haka tsohon alƙalin gasar marubuta ya ajiye aiki saboda ciwon ido, kujerarsa ta zama ba kowa. Kujera ce ta katako mai hannuwa, da jan matashi, ana ɗora ta kan dandamali ranar gasa. Tun da Mai Sikeli ya ɗora ido a kanta barci ya ƙaurace masa. Wanda kowa yake ganin ya dace da ita shi ne Mai Kemis, wani shiru-shiru mai tabarau da ke rubuta gajerun labarai in ba masu sayen magani. To amma bana shi ma ya sa labarinsa a gasar, kuma ba a yin alƙali a shari'ar kai. Sauran marubutan kuwa kowa ya noƙe, don ba mai son ya ɓata da maƙwabcinsa a kan baitin waƙa.

Shugabar ɗakin karatun, mace mai haƙuri da ciwon gwiwa, ta gaji da naci ta ce, "To Malam, bana kai za ka yi, amma na gwaji. In marubuta sun gamsu, kujerar taka ce har ka tsufa. In ba su gamsu ba, ga Mai Kemis nan."

Mai Sikeli ya iso gida da rubuce-rubucen gasa a hammata, yana tafe yana buɗa kafaɗu. Ya tarar da matarsa, Maman Auta, tana shanya.

"Maman Auta, daga yau ki riƙa yi mini magana a hankali. Alƙalin adabi kike aure."

"Adabin wa kuma?"

"Na duniya baki ɗaya. Zan kawo abin da manyan masana suka kasa. Duk adon harshen da mawaƙi ya sa, sai na gwada shi da idona. Wanda ya tabbata, cikakken maki. Wanda bai tabbata ba, ƙarya ce, a kwandon shara."

"Baban Auta, sikelin mai tumatir yana jiranka tun wancan makon."

"Tumatir! Ana maganar giwa, kina maganar ƙuda."

Mai Aski ne ya fara faɗawa hannunsa. A waƙarsa ya ce, "Ƙaunarki a zuciyata ta fi buhun siminti nauyi." Mai Sikeli ya ɗauko sikelin awon mutane, ya kinkimo buhun siminti na aro, ya dire su a shagon aski ana tsakiyar yi wa wani dattijo aski.

"Ajiye almakashi ka hau."

Mai Aski ya hau yana murmushi, ya ɗauka wasa ne. Mai Sikeli ya durƙusa ya ƙura wa allura ido.

"Yanzu cire ta daga zuciyarka."

"Ta yaya zan cire ta?"

"Tuna wani abin daban. Tuna ciwon haƙori. Yauwa. Yanzu mayar da ita. Ta shiga?"

"Ta shiga mana."

"Allura ko gezau ba ta yi ba." Ya miƙe ya ɗaga murya don na waje su amfana. "Jama'a ku shaida! An auna ƙaunar Mai Aski, ko cokalin siminti babu!"

Daidai lokacin matar Mai Aski ta shigo da kwanon abincin rana. Ta tsaya, ta dubi mijinta a kan sikeli, ta dubi buhun.

"Wace ƙauna aka auna?"

"Wadda ya yi wa waƙa, Hajiya," in ji dattijon, rabin kansa a aske.

"Ni aka yi wa waƙar?"

Mai Aski ya shiga lissafi. In ya ce ita ce, to an auna an ga wayam. In ya ce ba ita ba ce, to wace ce? Yana cikin wannan lissafi ta juya da kwanon ta yi gaba. A kan bencin shago ya riƙa kwana har ranar gasa, dattijon kuma ya tafi gida da hula.

Ta biyu ita ce Malama Nas, wadda ta rubuta cewa bishiyar ƙofar asibiti tana yi mata sallama kullum, tana tambayar gajiyarta. Mai Sikeli ya sa babbar rigarsa, don ba a zuwa wurin manya da ƙananan kaya, ya je ya rusuna gaban bishiyar.

"Salamu alaikum. Ina kwana? Yaya iyali? Yaya rassa?"

Shiru. Ya matsa kusa ya maimaita da ƙarfi, ko ta tsufa kunne ya yi nauyi. Masu jiran ganin likita suka bar layi suka zagaye shi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ga shi da kyan tufafi." Wani ya ce ai irin wannan ba a tsawata musu, lallaɓa su ake yi. Kafin ya ankara masu gadi biyu sun riƙe shi ta ko'ina suna cewa, "Sannu Baba, zo ka zauna a inuwa, likita na zuwa." Sai da aka kira Maman Auta ta rantse cewa haka yake tun da ta aure shi, sannan aka sake shi.

A hanya ya ce, "Ko dai waƙar ƙarya ce, ko bishiyar ba ta da tarbiyya. Ko wanne ne, sifili."

"Ni dai ka rage sauri, kada a san tare muke."

Tela shi ne na uku. Ya rubuta, "Haƙurina irin na jaki ne." Mai Sikeli ya aro jakin mai ɗaukar yashi, ya tsayar da shi a ƙofar shagon ɗinki, ya tsayar da Tela kusa da shi kafaɗa da kafaɗa. Ya samo tsinke, ya sosa kunnen jaki, ya sosa kunnen Tela. Dukansu suka kaɗa kai. Ya ja wutsiyar jaki, ya ja gemun Tela. Dukansu suka yi huci. Sai ya koma ta baya, ya ce da su gaba ɗaya, "Ɗinkinku karkatacce ne, kuma duk unguwa an sani!"

Ba a taɓa tantance wanda ya riga wani ba. Marin Tela da harbin jaki suka same shi a tare, ya tashi sama ya sauka a kwata. Mutane suka ruga don su ɗaga shi, suka tarar da shi yana dariya, baki duk laka.

"Lokaci ɗaya! Kun gani? Lokaci ɗaya haƙurinsu ya ƙare! Wannan shi ne kamance. Tela, cikakken maki!"

Tela, wanda ya riga ya naɗe hannun riga don ƙari, ya rasa abin yi, sai ya rungume shi. Daga nan Mai Sikeli ya samu magoyin baya guda ɗaya a duniya.

Saura labarin Mai Kemis, kuma shi ne ƙashin da ya tsaya masa a wuya. Ya karanta shi yana neman laifi, sai ya ji kansa yana dariya, ya yi maza ya gyara fuska. Labarin wani mai girman kai ne da kare ya biyo, ya yi tsalle ya faɗa cikin duro da mazaunai, ƙafafu da kai a waje, ya maƙale, duron ya gangara da shi har tsakiyar titi, karen ya zo ya lashe masa fuska. Mai Sikeli ya san in wannan labari ya ci gasa, marubuta za su ce ga gwani nan, kujera ta kuɓuce masa. Tsoro ya kama shi sosai. Yana zaune yana cizon yatsa, idonsa ya faɗa kan duron ruwan Maman Auta a tsakar gida.

Da safen ranar gasa ta fito ta ga tsakar gida ta zama tafki, mijinta yana gangara duro zuwa ƙofa.

"Baban Auta! Ruwan da na tara ka zubar?"

"Adabi ya fi ruwa."

"To in ka dawo ka sha adabin. Ina za ka kai mini duro?"

"Zan kai shi ya ƙaryata Mai Kemis. Ki sa mayafi ki zo, yau za ki ga mijinki."

"Na gan shi a kwata, na gan shi gaban bishiya. Yau kuma ina ya rage?" Duk da haka ta biyo shi, saboda duron.

Zauren gasar ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa buɗe littafi ba, don labarin alƙalin ya zagaye unguwa. Mai Sikeli ya hau kujerar, ya dafa hannuwanta biyu, ya ji jan matashin nan a ƙarƙashinsa, daɗi ya ratsa shi har ya lumshe ido. Ya zubar da waƙar Mai Aski, ya zubar da ta Malama Nas, ya ɗaga ta Tela sama. Sannan Mai Kemis ya tashi ya karanta labarinsa da 'yar muryarsa. Zauren ya kece da dariya, aka yi ta tafi har da masu fito.

Mai Sikeli ya bari tafin ya lafa, sannan ya miƙe a hankali.

"Jigo, babu laifi. Salo, da dama-dama. Amma ƙullin labarin, jama'a, a nan gizo ke saƙa. Wai mutum ya shiga duro ya kasa fita! Ƙa'idar awo ta ce ƙofar da ta shigar da kai ita za ta fitar da kai. Duro ba ya ƙanƙancewa don ya ga baƙo. In tushen labari ƙarya ne, duk abin da aka gina a kai rushewa zai yi. A kawo duro!"

Tela ya gangaro da shi kan dandamali. Mai Sikeli ya zaro tef ya auna bakin duron, ya nuna wa jama'a. Ya auna nasa tumbin, bayan ya shanye shi har idonsa ya yi ja, ya nuna wa jama'a.

Mai Kemis ya ɗaga hannu. "Malam, da ka bari in ce wani abu."

"Wanda ake tuhuma ba ya magana sai an gama gwaji. Zauna."

Ya hau kan kujerar, ya juya wa duron baya, ya ce, "Ga shiga." Ya saki jiki. Duron ya yi wata irin ƙara ya haɗiye shi har gwiwoyinsa suka taɓo haɓarsa. Kai da hannuwa da ƙafafu kawai ake gani, takalmi ɗaya ya fice.

"Kun ga shiga. Yanzu ku kalli fita."

Ya dafa bakin duron ya yunƙura. Ba abin da ya motsa sai hularsa. Ya sake yunƙurawa. Tumbin da ya shanye ɗazu ya gaji da jira ya koma mazauninsa, ya cika duk inda ya rage.

"Wannan jinkirin da kuke gani," in ji shi yana haki, "shi ake kira jan hankalin mai karatu."

Aka jira. Wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Malamin makaranta ya yi gyaran murya.

"Malam, jan hankalin ya ɗan yi tsawo."

"Gaggawa aikin shaiɗan ce. Tela, ɗan riƙe mini hannu, ba don na kasa ba."

Tela ya ja, hannun riga ya biyo shi. Mai Aski ya taso da saurinsa, fuska cike da annuri, ya ce shi a ba shi kai, ai kai sana'arsa ce. Ya kama kunnuwan alƙali biyu ya ja da dukan ƙaunar da aka ce ba shi da ita. Malama Nas ta kawo man shafawa ta ɗura ta gefe, tana cewa, "Ka yi wa duron sallama mana, wataƙila ya fi bishiya tarbiyya." Wani bakanike ya ce man shafawa wasa ne, ya ƙara baƙin mai. Mai Sikeli ya koma yana ƙyalli, amma yana nan daram.

"A kwantar da shi a jijjiga," in ji wani daga baya.

"Kada ku kwantar! Ni ne alƙali, na ce kada ku..."

Aka kwantar. Hannuwa duk mai, duron ya suɓuce, ya faɗo daga dandamali, ya bi tsakiyar zaure mutane na ɗage ƙafafu, ya fita ta ƙofa, ya samu gangaren da aka yi wa masu keken guragu. Daga nan sai titi, titin kuwa mai gangara ne. In kai ya zo sama a ji "Wayyo!", in ya koma ƙasa a ji shiru. Wani mai keke ya faɗa cikin kwandon lemo, kaji suka watse, zauren gaba ɗaya ya biyo baya a guje. Tela ya ɗauko kujerar a ka yana cewa alƙali ba ya hukunci ba kujera. Maman Auta tana tafe tana kiran, "Durona! Ku tare mini durona!"

Duron ya je ya daki bangon shagon mai nama ya tsaya. Mai Sikeli ya buɗe ido ya ga duniya a kwance, ƙafafun mutane sun kewaye shi. Shugaba ta iso a ƙarshe tana dafe da gwiwa.

"Malam, kana da rai?"

"Ina nazari ne."

"To muna jiran hukunci. Ya shiga, ya maƙale, ya gangara har titi. Labarin ya tabbata ko bai tabbata ba?"

Mai Sikeli ya karkata kai. Ya hango kujerar a gefen titi inda Tela ya dire ta, ya ji kamar ya yi kuka. Sai wata dabara ta faɗo masa.

"Bai tabbata ba! A labarin akwai kare. Ina kare a nan? Ku nuna mini kare!"

Karen mai nama, wanda ke kwance ƙarƙashin tebur tun safe bai kula kowa ba, ya miƙe ya yi miƙa. Ya tako ta tsakanin ƙafafun mutane, ya shinshina man da ke goshin alƙali, ya zaro harshe ya lashe shi tun daga haɓa har gira.

Dariyar da aka yi sai da ta fito da mutane daga lunguna. Tela kansa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ƙa'ida taka ce."

"Cikakken maki," in ji Mai Sikeli, da muryar da ko karen bai ji sosai ba.

"Ba mu ji ba!" in ji Mai Aski.

"Na ce cikakken maki!"

Shugaba ta juya wurin marubuta ta ce wanda ya gamsu da alƙalancin bana ya ɗaga hannu. Tela ya fara ɗagawa, ya duba hagu da dama, sai ya sosa ƙeya da hannun. Nan take a gefen titi aka kama Mai Kemis aka zaunar da shi a kan jan matashin, yana ta gyara tabarau don kunya. Aka aika a kira mai walda, Maman Auta tana gargaɗin a yanka a hankali, mijin zai warke amma duro ba ya warkewa.

Ana jiran mai walda, Mai Kemis ya jawo kujerar kusa da duron ya sunkuyo.

"Sannu Malam. Abin da na so in gaya maka ɗazu ke nan, ka ce in zauna. Ni kaina ban taɓa yarda mutum zai maƙale a duro ba. Ƙirƙira kawai na yi don a yi dariya. Da ka tambaye ni a gaban jama'a, da na ce maka ƙarya ce."

Mai Sikeli ya zaro ido. Ya shiga harba ƙafafu, duron na rawa.

"Kun ji! Jama'a kun ji! Ya amsa da bakinsa! A cire masa makin! Sifili! Na ce sifili!"

Shugaba ta dubi Mai Kemis. "Alƙali, me ka ce?"

Mai Kemis ya gyara zama, ya dafa hannuwan kujerar biyu.

"Hukunci ya riga ya fita," in ji shi. "Mai walda, bismillah."